Yadda ake jona sikeli, firintar rasit da sauran na'urori da kafar siriyal ta kwamfuta

Kwanakin baya wani Alhaji mai siton masara da gero a nan Garwa ya aiko yaronsa shagona, wai in zo in duba sikelinsa ya mutu, har ya fara tambayar kuɗin sabo daga Duwala. Na je na tarar sikeli lafiyarsa lau, ana ɗora buhu yana nuna kilo a fuskarsa, abin da ya ƙi kawai lambar ce ba ta shiga kwamfutar da suke buga rasit da ita. Na ce Alhaji me aka taɓa kwanan nan? Ya ce ba komai ɗana, kebul ne ɓera ya ci, aka sayo wani a kasuwa irinsa sak. To a ido kam irinsa ne sak, amma ciki ba ɗaya ba ne. Na buɗe kan kebul ɗin na sauya wa wayoyi biyu wuri da dalma, kafin yaron ya gama haɗa shayi lamba ta fara fitowa. Abin ya tsaya mini a rai don na san injina nawa ne aka jingine a ɗakin ajiya daga nan har Marwa da Kuseri da sunan sun lalace, alhali kebul ne ko saiti.

Kafar siriyal, wadda masu Faransanci ke ce ma por seri, mu kuma a shago COM kawai muke cewa, halinta daban ne da USB. USB kana sokawa kwamfuta ta yi ƙara, ta faɗa maka abin da ka soka, wani lokacin har ta nemo direbansa da kanta, wato 'yar manhajar da ke sa kwamfuta ta iya aiki da shi. Siriyal kuwa bebiya ce, ba ta sallama ba ta tambayar suna, in komai ya yi daidai ta yi aiki, in abu ɗaya ya kuskure ta yi shiru kuma ba za ta ce maka wanne ba ne. Ka'idar da take bi sunanta RS-232, tun 1960 aka fito da ita a Amurka, USB sai 1996 ya zo, amma har yau siriyal ce a jikin manyan sikeli da gadar awon motocin auduga, da firintar rasit ta farmasi, da injinan gwajin jini na asibiti, da ondilar da ke riƙe wuta, da inbatar sola, da swicin intanet. Tunda ita ba ta magana, dole kai ka bi abin gaɓa gaɓa, kar ka taɓa abu biyu lokaci ɗaya.

Fara da nemo kafar

Juya kwamfutar ka duba bayanta. Manyan kwamfutocin aiki na gwanjo da ake kawo mana, irin su Dell Precision da HP Z da Lenovo ThinkStation, da dama suna da ita ko suna da wurin saka ta. Abin da kake nema kai ne namiji mai haƙora 9 a layi biyu, 5 a sama 4 a ƙasa, a gefensa za ka ga an rubuta COM ko wata alama kamar IOIOI. Kar ka rikita ta da ta allon kallo wato VGA, girmansu kusan ɗaya amma ita VGA mace ce mai ramuka 15 a layi uku, yawanci shuɗiya. Wannan mai haƙora 9 kamfanin IBM ne ya yaɗa shi da kwamfutarsa ta 1984, kafin nan mai 25 ake amfani da shi, kuma har yanzu za ka gan shi a jikin firintoci. In ka ga doguwar kafa mace mai ramuka 25 a bayan tsohuwar kwamfuta, wannan ta firintar da ce, ba siriyal ba ce, kar ka soka komai a ciki.

In babu a baya kar ka yi saurin cewa babu. Kashe, cire wuta, buɗe murfi ka duba babban allon ciki, sau da yawa akwai 'yan haƙora a jere an rubuta COM ko COM1 kusa da su, sai ka sayo ɗan kebul mai faranti da ke fito da ita waje. Sai dai waɗannan 'yan kebul ɗin iri biyu ne a tsarin wayoyinsu kuma a ido ba ka bambanta su, in ka saka gwajin da zan faɗa a gaba ya ƙi, shi za ka fara zargi. Ka leƙa BIOS ma, wato saitin kwamfuta da ake shiga kafin Windows ta tashi, don akwai kwamfutocin da suka fito daga ofisoshin Turai an kashe musu kafar daga can. In allon ba shi da ita kwata-kwata, a ganina katin siriyal mai shiga ramin PCIe na jikin allon ya fi adaftar USB ga na'urar da za ta zauna tana aiki kullum, don ba ya girgiza, ba wanda zai zare shi ya soka cajar waya.

Adaftar USB kuma tana aiki, ita ce ma a jakata kullum, amma ka san cif ɗin da ke cikinta. Waɗanda suka cika kasuwa su ne FTDI, da Prolific PL2303, da CH340, da CP2102, kowanne da direbansa. Matsalar ita ce jabu sun yi yawa, za ka saka direba na gaskiya ya ƙi karɓar cif ɗin jabu, Windows ta sa alamar rawaya ta rubuta Code 10. In kana da dama ka gwada ta a gaban mai shago kafin ka biya.

Yanzu a tabbatar Windows ta gan ta. Danna maɓallin Windows tare da R, rubuta devmgmt.msc. Tunda yawancin kwamfutocinmu da Faransanci suke, abin da zai buɗe shi ne Gestionnaire de périphériques, ka nemi layin Ports COM et LPT ka buɗe shi. Ta jikin allo yawanci COM1 ce, adafta kuma kowace lamba tana iya ɗauka, COM3 ko COM7 ko sama. Rubuta lambar a takarda. Masu Linux, ta jikin allo /dev/ttyS0 ce, adafta /dev/ttyUSB0, kuma in ta ce ba ka da izini to ba ka cikin rukunin dialout ne, a sa ka a ciki ka fita ka sake shiga.

Gwajin da nake roƙon kowa ya yi

Kafin ka jona kowace na'ura, ka sa kafar ta yi magana da kanta. A kai mai haƙora 9, lamba 3 ita ke aikawa, lamba 2 ita ke karɓa, lamba 5 ita ce ta ƙasa wadda duka biyun ke dogara da ita. In kana kallon namijin da faffaɗan layi a sama, lamba 1 tana hagu 5 tana dama, a mace kuma akasin haka ne, kuma in ka haska da tocin waya za ka ga 'yan lambobin a jikin robar. Ka ɗauki ɗan guntun waya ko ƙarfen maƙale takarda ka haɗa 2 da 3, a hankali kar ya taɓa na kusa ko jikin ƙarfen kan. Sai ka buɗe PuTTY ko Tera Term, manhajoji ne da ke nuna abin da ke shiga da fita ta kafar, duka kyauta ne, HyperTerminal da muka saba da shi tun Windows Vista aka daina sako shi. A PuTTY ka zaɓi Serial, ka rubuta lambar COM ɗinka, gudu 9600, sannan ka shiga saitin Serial da ke gefen hagu ka mayar da Flow control zuwa None. Buɗe, ka buga haruffa. In kana ganin abin da kake bugawa, cire ƙarfen ka sake bugawa, in ya daina fitowa to shikenan kafarka lafiya lau, da direba da lambar COM duk ka fitar da su daga zargi. In tun farko ba abin da ya fito, kar ka ɓata lokaci da sikeli ko firinta, matsalar tana wajen kwamfuta.

Wallahi minti 2 ne wannan gwajin amma na sha ganin yaran shago sun wuni suna sauke direba suna gogewa, ba su taɓa tambayar ko kafar kanta tana da rai ba. Daga baya ka maimaita shi a ƙarshen kebul ɗin, ka jona kebul a kwamfuta ka haɗa 2 da 3 a ɗaya bakin, nan za ka gane ko waya ta tsinke a ciki.

Kebul, inda yawancin rigimar take

Asalin tsarin an yi shi ne don kwamfuta ta yi magana da modem, shi ya sa aka raba na'urori gida biyu. Gidan kwamfuta ana ce masa DTE, yana aikawa a 3 ya karɓa a 2. Gidan modem ana ce masa DCE, shi yana aikawa a 2 ya karɓa a 3. In za ka haɗa 'yan gida daban-daban kebul miƙaƙƙe ake so, 2 ta tafi 2, 3 ta tafi 3. In kuma 'yan gida ɗaya ne, kamar kwamfuta da kwamfuta, ko kwamfuta da yawancin firintocin rasit, sai mai giciye wanda muke ce ma kurwaze, 2 ta tafi 3, 3 ta tafi 2, ita 5 kullum 5 take zuwa. In ka sa miƙaƙƙe inda ake son mai giciye, kamar mutum biyu ne kowa ya kafa bakinsa a bakin ɗan'uwansa yana magana, ba kunnen da ke ji. Abin da ya faru da sikelin Alhaji ke nan.

Ana cewa wai in na'ura tana da kai mace to miƙaƙƙe take so, in namiji mai giciye. Sau da yawa haka ne, amma masu ƙera sikeli da injinan asibiti kowa yadda ya ga dama yake yi, don haka ni mitar awon wuta nake yarda da ita. Kunna na'urar, jona kebul a jikinta, bar bakin da zai shiga kwamfuta a hannunka. Sa mita a awon bolt na DC, baƙin tsinke a rami na 5, jan tsinke a rami na 2, sannan a na 3. Wayar da ke aikawa, in tana zaune ba ta aika komai, tana nuna bolt na ƙasa da sifiri, kamar -5 zuwa -12, mai karɓa kuwa kusan sifiri take nunawa. Kana son ka ga wannan lambar a rami na 2, don nan ne kunnen kwamfuta. In a na 3 ka gan ta, kebul ɗin ba nasa ba ne, ko ka sayi ɗan kan da ke juyawa ko ka sauya wayoyin biyu da dalma. Sikelin da ke turo nauyi ba tsayawa zai sa mita ta riƙa rawa, ba komai, inda take rawar nan ne bakinsa.

Ga wani tarko a kai mai 25. A can lamba 2 ce ke aikawa 3 ke karɓa, ta ƙasa kuma 7 ce ba 5 ba. Don haka in kana haɗa kebul daga kwamfuta mai 9 zuwa firinta mai 25, 2 ta tafi 2, 3 ta tafi 3, 5 ta tafi 7, a ido kamar miƙaƙƙe amma a aiki mai giciye ne. Ka ƙara waya ɗaya daga 20 ta firinta zuwa 6 ta kwamfuta, ta nan firinta ke cewa dakata na cika.

Sauran haƙoran na neman izini ne, 7 da 8 su ne RTS da CTS, 4 da 6 su ne DTR da DSR. Na'urori da yawa waya uku kawai suke buƙata. In manhaja ta nace sai ta ga izini kuma na'urar ba ta bayarwa, ana iya haɗa 7 da 8, sannan 4 da 6 da 1, a bakin kwamfuta, sai ta riƙa ba kanta izini. Ga sikeli wannan ba laifi, ga firinta kuwa dogon rasit zai riƙa yankewa a tsakiya.

Abubuwan da ke ƙona kaya

Dan Allah a kula da wannan. RS-232 tana aiki da bolt tsakanin 3 zuwa 15 sama da sifiri, da 3 zuwa 15 ƙasa da sifiri. Akwai kuma siriyal ta cikin allunan ƙananan na'urori, irin 'yan haƙoran da za ka gani a cikin rauta ko dikoda ko Arduino an rubuta TX da RX, waɗannan da bolt 5 ko 3.3 suke aiki kuma ba sa jure na ƙasa da sifiri. In ka jona su kai tsaye da COM ta kwamfuta ka kashe cif ɗin, sai an sa mai fassara a tsakani irin MAX232, ko adaftar da aka yi musamman don su. Sannan ba duk rami mai kama da na kebul ɗin intanet ne na intanet ba, inbatar sola da batiranta da swici suna fito da siriyal ta irin wannan ramin, kowanne da tsarin wayoyinsa. Ondila ma haka, wasu suna da kai mai 9 amma kebul ɗinsu na musamman ne, ka soka na kasuwa sai ta mutu nan take ta tafi da duk abin da take riƙe da shi. In ka ga an rubuta RS-485 kuwa wani yare ne daban, sai da adaftarsa.

Lokacin jonawa, kashe na'urar da kwamfutar, soka, ɗaure sukurori biyun nan, sannan ka kunna. A sa su a soket ɗaya in zai yiwu. Gine-ginenmu da yawa ba su da wayar ƙasa, wani lokacin kwamfuta tana kan wutar gari sikeli yana kan janareta, sai bambancin da ke tsakaninsu ya bi ta lamba 5 ya ci kafar. In ka taɓa jikin kwamfuta ka ji tana ɗan cizo, a gyara wannan tukuna. Da hunturu kuma in iska ta bushe jiki yana tara wuta, ka taɓa ƙarfen akwatin kafin ka taɓa haƙora.

Saiti

Ɓangarorin biyu sai sun yarda a kan abu huɗu: gudu, yawan bit na kowane harafi (bit shi ne 0 ko 1 guda da ke bin waya), fariti wato ƙarin bit na gano kuskure, da bit na tsayawa, sai kuma yadda za a ce dakata. Gudun da aka saba su ne 1200, 2400, 4800, 9600, 19200, 38400, 57600 da 115200. Wanda ya fi yawa shi ne 9600 da 8N1, wato bit 8, ba fariti, tsayawa 1, kuma tunda kowane harafi yana cin bit 10 in an haɗa da na farawa da na tsayawa, haruffa 960 ke wucewa a daƙiƙa, ya ishi sikeli har ya yi yawa. Kafar saita swicin Cisco 9600 8N1 ce, GPS mai bin tsarin NMEA 0183 a 4800 yake, sikeli da injinan awo da dama kuma 7E1 suke so, wato bit 7, fariti Even, tsayawa 1. Kar ka yi ta canke in akwai hanyar tambaya: yawancin firintocin rasit in ka danne maɓallin FEED ka kunna su a haka, za su bugo maka takarda da saitinsu a jiki, sikeli kuma yana cikin menu ɗinsa. Kwamfuta za ka daidaita da na'ura, kar ka taɓa saitin injin asibiti ko sikelin da hukumar awo ta sa wa hatimi.

Ka fara kallon bayanan a PuTTY kafin ka buɗe manhajar kasuwanci, don abin da ka gani shi zai nuna maka ciwon. In ba komai sam, kebul ne ko lambar COM, ko kuma na'urar ba ta turowa sai an danna maɓallin bugawa ko an aika mata umarni, wannan ma a duba. In shirme ne zalla ke zuba, alamomi marasa ma'ana, ka yi murna don waya ta haɗu, gudu ne bai yi daidai ba, bi su ɗaya bayan ɗaya. In wasu haruffa daidai wasu a karkace, bit da fariti ne, gwada 7E1. In farko yana fita da kyau sai ƙarshe ya ɓace, maganar dakata ce, ka duba a Flow control ko XON/XOFF na'urar take so, wato dakata da ake aikawa cikin haruffa, ko ta wayoyin neman izinin nan.

Da ka ga lambobi masu kyau, rufe PuTTY tukuna, don manhaja ɗaya ce kawai ke iya riƙe kafa a lokaci guda, in ba haka ba ɗayar za ta ce kafar tana hannun wani. Tsofaffin manhajoji da yawa COM1 zuwa COM4 kawai suka sani, in adaftarka ta ɗauki COM9 ka koma Gestionnaire de périphériques ka shiga Propriétés ɗinta, sai Paramètres du port, sai Avancé, ka sauya mata lamba, kuma ka bar ta a ramin USB ɗaya kullum don wasu in an canja rami lambar ma canjawa take. Wani abin mamaki da ke tsorata mutane, in sikeli ko GPS yana turo bayanai lokacin da Windows ke tashi, tana iya ɗaukarsa a matsayin maus, sai kibiya ta riƙa tsalle tana danne-danne ita kaɗai. Zare kebul ɗin, koma wancan jerin na'urorin, za ka ga sabon maus na siriyal ya bayyana, ka kashe shi da Désactiver, kar ka goge shi don zai dawo.

Maganar nisa, abin da aka saba bayarwa mita 15 ne, in ka rage gudu kuma kebul ɗin mai kyau ne mai rufin kariya yana wuce haka, amma kar a bi da shi gefen wayar wuta ko kusa da injin niƙa. Gadar awo da ke can bakin ƙofa ofis kuma yana nesa, gara a sa adafta a mayar da layin RS-485 wanda ke kai har mita 1200 a ƙaramin gudu, a samu mai raba wutar ɓangarorin biyu, don doguwar waya a fili da damina tsawa take kira. In hadari ya haɗu an tashi aiki, a zare kebul ɗin daga bayan kwamfuta. Kafin in bar siton Alhaji na rubuta COM1, 9600, 8N1, kurwaze a jikin salatif na manna a bayan sikelin, na manna wani a kan kebul ɗin, sannan na sa yaron ya zura shi cikin bututun roba saboda ɓera.